Inda Waken Makaranta Zai Kwana

Abin da duk gari ya sani, amma babu wanda ya taɓa buɗe baki ya faɗa, yana nan a matsayin asiri, ko kuwa ya riga ya tonu? Na daɗe ina juya wannan tambaya a bakin teburina na gyaran rediyo, ban sama mata amsa ba. Abin da ya jawo ta kuwa rumbun Baba Jika ne.

A Darini babu rumbun da ya kai shi. Na laka ne, mai ciki kamar randa, yana zaune bisa duwatsu a bayan gida. Mahaifin Jika ya gina shi tun gidan na bin addinin kakanni, kafin su musulunta. Kowace shekara Jika sai ya sake masa yaɓe, ya ɗora sabuwar jinka. Bakinsa a liƙe yake da laka, kuma babu ko zangarniya ɗaya a ciki. Gonar hatsin Jika tana can bakin daji, inda mutanen daji suka hana kowa zuwa. Abin da ya rage a rumbun kuma ya tafi lokacin da aka ɗauke ɗan ƙaninsa a hanyar Zakka, dangi suka haɗa abin da za su iya aka karɓo shi.

Mun sani ne ta hanyar da ƙauye ke sanin abu. Kaji sun daina taruwa a ƙarƙashin rumbun. Ana ganin ɗiyarsa Baiwa ran kasuwar Batsari tana awon gero, ta ƙulle shi a bakin mayafi. Amma duk wanda ya bi ta bayan gidan ya iske tsohon yana shafa laka, sai ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Allah ya sa albarka a abin da ke ciki." Shi kuma ya amsa da amin, bai ɗaga kai ba.

Mu mutanen taba ne tun asali. In damina ta karkata sai a yafa iri a fadama, a dasa, a bi ana karya kai, a tsinki ganye da raɓa a jikinsa, a soke shi a igiya a rataye a rumfa. Wanda ya yi tsinkar safe ya san jirin da take sa wa mutum, ya san ɗacin da ke manne wa hannu har ya bi shi cikin tuwo. Muna haƙuri da duk wannan saboda motar masu saye tana zuwa. Da hanya ta lalace motar ta daina zuwa. Sai 'yan kasuwa ɗaiɗai a kan babur, su taya yadda suka ga dama, ga hatsi kuma kowace kasuwa sai ya ƙara tashi. Akwai shekarar da muka zauna da ɗakuna cike da ganye, tukwane kuwa a kife.

A wannan halin ne Rebecca ta zo. 'Yar Babban Duhu ce, tana aiki da wata ƙungiya mai ofis a Batsari. Ta zauna a tabarma a gindin tsamiyar makaranta, ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya har sai da ta ƙare, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Mu bar taba, a ba mu irin wake da na dankali mai jan ciki, makarantar firamaren garinmu ta riƙa sayen abin da muka noma ana dafa wa 'ya'yanmu lokacin tara. Ba ta yi mana wa'azi ba.

"Babana ma ya noma ta," in ji ta. "Da ita aka saya mini takalmin makaranta. Na kuma san tarin da ya tafi da shi."

Muka kafa ƙungiya, muka ɗora Mamman a gaba, don shi ne mai baki kuma ba ya gajiya da zirga-zirga. Kusan kowa ya shiga, ban da Jika. Tabarsa ba irin ta kamfani ba ce. Baƙa ce mai ƙaramin ganye, irin da ya gada, wadda ake dakawa da kanwa a yi gari. Tsofaffi har daga Safana suna aiko a saya musu.

Shi da Mamman taubasai ne, don haka ba sa raga wa juna.

"Tsoho, ka shigo mota kafin ta tashi ta bar ka da haƙoranka jajaye," in ji Mamman.

"Irin nan ya girme ka, ya girmi hankalinka," in ji Jika. "Je ka noma waken. Dama cikinka ya daɗe yana neman abokin hira."

Sai dai bai hana Baiwa ba, da aka ɗauke ta dafa abincin makarantar. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'yanta, kuma tun daga lokacin abin da take samu ne ke ɗora tukunya a gidan Jika. Wannan ma yana cikin abubuwan da ba a faɗa.

Damina ta yi kyau a shekarar, ba zan ɓoye ba. Fadamar da muka saba ganinta da faffaɗan ganye ta koma shimfiɗar wake, furensa fari da shuɗi-shuɗi. Mata suka daina yawo da baƙin hannu. Awaki suka sami harawa, har wata akuyata da na fid da rai da ita ta tashi ta yi ƙiba. Ni da kaina na lura ina tashi da safe ba tare da nauyin kai ba. Na ɗauka tsufa ne ke kawo shi, ashe ganye ne.

Waken da ke nuna da wuri aka fara rora, ruwa bai ɗauke ba. Aka buge shi, aka tara a ɗakin Mamman. Da aka koma makaranta Baiwa ta fara da buhunan bakin ƙofa, ta yi fate da manja da albasa, wata rana ta haɗa da dankali. Teburina yana kallon ƙofar makarantar, don haka na ga abin da idona. Yaran da iyayensu suka janye saboda yunwa suka dawo. In an kaɗa ƙarfen tara, sai ka ga layi da kwanoni da robobi, ana ture-ture ana dariya. Akwai daɗi mutum ya ga ɗansa yana cin abin da ya shuka, a wurin da ba gidansa ba. Nakan ajiye abin da nake gyara in yi ta kallo.

Sai aka kai ga buhunan cikin ɗaki.

Ashe tun lokacin ajiya Mamman ya ji tsoron ƙwari, ga danshi. Sai ya yi abin da kowane gida a Darini ke yi tun kaka da kakanni, ya barbaɗa garin taba a tsakanin waken da ke can ciki. A damin gero wannan ba ya komai, domin za a sussuke, a surfe, a wanke, ɗacin ya bi dusa. Amma bugaggen wake da ya kwana cikin danshi ya sha tabar har cikin ƙwayarsa. Baiwa ta wanke, ta sake wankewa, ta tafasa ta zubar da ruwan. Yara suka kai loma ɗaya suka ture kwano. Waɗanda yunwa ta fi ƙarfinsu suka daure suka ci, wasu daga cikinsu suka yi amai a bayan aji.

Rebecca ta zo washegari. Muka taru a gindin tsamiya, Mamman kansa a ƙasa.

"Ban zo neman mai laifi ba, Baba Mamman," in ji ta. "Da niyyar kirki ka yi. A gidanmu ma haka ake yi. Amma dole na kai labari ofis, kuma ga abin da suka ce. In babban girbin nan ya zo da wari, za a ba ɗan kwangila daga Katsina. Shi kuma da kayansa da mai dafa masa yake zuwa."

Kowa ya gane. In haka ta faru Baiwa ta rasa aiki, mu kuma mun rasa mai sayen wakenmu, kuma baɗi fadama za ta koma taba.

Wani ya tambayi buhunan nan masu leda a ciki da aka yi mana alkawari. Ta ce suna nan tafe, amma ba za su iso ba sai bayan an gama kaka, wake kuwa ga shi ana rora yanzu. Aka shiga lissafin wurare. Rumbunan gari duk sun sha taba shekara da shekaru, har lakarsu tana wari. Ɗakunanmu kuwa a cikinsu muka tara ganye. Ɗakin ajiyar makaranta ba shi da ƙyaure, rufinsa kuma ɓeraye sun mayar da shi gari, ga shi a wannan zamani ba a barin buhuna inda ido zai gan su. Sabon rumbu kuma ba a gina shi a rana ɗaya, sai kowane zagaye ya bushe kafin a ɗora wani.

Wani ya shiga karce ƙasa da tsinke. Na duba fuskoki na ga duk abu ɗaya muke tunani.

A gidan su Jika akwai doka tun ta mahaifinsa: taba ba ta kwana inda abinci ke kwana. Bukkarta daban take, can wajen danga. Wanda ya taɓa ganye sai ya wanke hannu kafin ya kama tsanin rumbu. Da toka suke tsare hatsinsu, su liƙe baki da laka. Wato a duk garin, rumbu ɗaya ne mai tsabta, kuma na mutumin da ya ƙi barin taba ne. Na yi ta mamakin wannan. Mu da muka rabu da ita mu muka kai ta bakin yara.

Matsalar ita ce, babu yadda za a ce wa mutum ya ba da aron rumbunsa ba tare da an ce masa an san babu komai a ciki ba.

Aka ce Mamman ya je, tunda shi wasa ya ba shi damar faɗin abin da wani ba zai faɗa ba. Aka haɗa shi da ni, wai don ni ba na saurin magana.

Muka iske Jika da la'asar a ƙofar bukkar tabarsa yana tufka ganye. Muka gaisa, muka tambayi gida da gajiya da jikin tsufa, ya tambayi namu. Mamman ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar ruwa, ya yi maganar farashin taki. Can ya ce, "Wato, bawana, cewa muka yi ko akwai ɗan wuri sama-sama."

"Sama-saman mi?"

"Na rumbu. Ɗan abin da ya rage daga baki. Mu ɗora waken yaran nan bisa hatsinka, kafin buhuna su zo."

Jika ya ci gaba da tufka. "Ka taɓa ganin an ɗora baƙo bisa kan mai gida?"

"To a gefe."

"Rumbu ba shi da gefe, Mamman. Ko a gidanku ba a koya maka ba?"

Na ce, "Baba Jika, aikin Baiwa ne a kai."

Ya dube ni. "Sahabi, na san aikin wa ke kai. A gidana take kwana." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Rumbuna ba a buɗe shi sai ranar da mai shi ya ga dama. Haka na gada."

Mamman ya matsa kusa, ya sassauta murya, wasan ya fita daga fuskarsa. "To ji nan. Ba sai kowa ya gani ba. Da asuba, kafin gari ya tashi, ni da kai da Sahabi. Mu zuba, mu liƙe. Babu wanda zai leƙa. In an tambaya, ni zan ce da ƙyar muka sami wuri."

Na ɗauka wannan zai karɓa, don a ganina an ba shi duk abin da yake so. Sai ya ajiye ganyen.

"Ka ce za ka yi mini ƙarya ke nan."

"Rufin asiri dai."

"Ni ban taɓa ce wa kowa akwai abu a ciki ba. Na yaɓe rumbuna, na rufe shi. Wanda ya yi mini addu'a na ce amin. Amma in na bari kuka zuba abincin yara a ɓoye, ana wucewa ana cewa ga hatsin Jika, to na zauna bisa abin da ba nawa ba. Ran da aka zo ɗiba kuma, wa zai ce ga nawa ga nasu?" Ya ɗauki ganyensa. "Ku gaida gida."

Muka taso. Mamman yana ta faɗa a hanya, wai taurin kai ne kawai aka yi wa rawani. Ni kuwa maganar ta tsaya mini. A da ina ganin rufaffen rumbun nan ƙarya ce da duk muka haɗu muna yi don tausayi. Ga shi mai rumbun yana ganin ba ƙarya a ciki ko kaɗan, kuma ya ƙi wadda muka kawo masa kyauta. Na kasa cewa ya yi daidai, domin aikin ɗiyarsa zai tafi. Na kuma kasa cewa ya yi kuskure.

Na tari Baiwa a madafar makaranta tana kankare tukunya. A kwanakin dankali zalla take dafawa, shi ma ya kusa ƙarewa. Na ce ko za ta yi masa magana da kanta.

"Haba, Malam Sahabi. In ce masa mi?"

"Abin da ke akwai."

"Ni ko leƙa rumbun nan ban taɓa yi ba. Mace ba ta hawa tsaninsa a gidanmu, ko innata ba ta hau ba har ta rasu." Ta zuba ruwa a tukunyar ta girgiza. "Kullum in na kai masa tuwo sai ya ce, geron nan ya yi daɗi. Ni kuma in ce, Allah ya ƙara auki, Baba. Da wannan bakin zan je in ce masa na sani? Gara aikin ya tafi. Na yi surfe a gidajen mutane a da, ban mutu ba."

Ta faɗe shi ba tare da ɗaci ba, har da ɗan murmushi. Na koma teburina.

Roro ya ci gaba. Wake ya taru tuli-tuli a masussuka, yana shan rana, mata na bugu suna sheƙa. Girbi ne mai kyau, irin wanda mutum kan so ya tsaya ya kalla. Amma in ka duƙa za ka ga ƙananan ƙwarin nan sun fara tashi suna sauka.

Wata yamma na kai wa Jika rediyonsa da na gyara. Na iske shi a tsakar gida, Baiwa kuma ta shigo da ƙwarya cike da ɓataccen waken nan, wanda Rebecca ta ce kada mutum ya ci. Ta zuba wa awaki a kasko. Awakin suka sunsuna, suka juya baya.

"Har su ma?" in ji Jika. "Miƙo in gani."

Ta kawo masa. Ya ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu, ya kai hanci. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a baki, ya fasa ta da sauran haƙoransa, yana juya ta a harshe. Sannan ya tofar.

"Wannan ba tabar kamfani ba ce."

Ya sake sunsuna tafin hannunsa.

"Da kanwa a ciki. Dakan gidan nan ne." Ya dubi Baiwa, ya dube ni. "Da damina Mamman ya zo ya sayi gari wurina, mai yawa. Na yi ta yi masa dariya, na ce ga wanda ya tuba ya dawo da ƙoƙo. Dariyar ta hana ni tambayar abin da zai yi da shi."

Na ce, "Baba, wannan ba laifinka ba ne. Kai sayarwa ka yi. Kuma duk garin kai kaɗai ka rage mai ita, dole wurinka zai zo."

"Ban ce laifina ba ne, Sahabi. Na ce tawa ce."

Ya tambayi Baiwa ko jikokinsa suna cikin waɗanda suka ci. Ta ce ƙaramar ta ci, amma ba ta yi amai ba, kwanciya kawai ta yi. Ya gyaɗa kai. Ya sa aka kawo masa ruwa ya wanke hannu, ya kuskure baki, ya karɓi rediyonsa ya kunna ya ji tana magana, ya yi mini godiya. Bai ƙara tada zancen ba, ni ma na yi sallama.

Kwanaki suka wuce ba mu ji komai ba. Mamman ya fara maganar a haƙa rami a shimfiɗa tabarmi, abin da shi kansa ya san gara za ta gama da shi. Rebecca ta aiko cewa za ta zo ranar Alhamis ta ga inda aka ajiye, don ta san abin da za ta faɗa a ofis.

Ranar Laraba da hantsi, lokacin da hanyar bayan gidan Jika ta fi cika da masu zuwa masussuka, na ga mutane suna tsayawa. Na rufe teburina na bi su. Tsohon ne ya fito da tsani a kafaɗa, yana tafe yana hutawa, ya ƙi bari kowa ya karɓa. Ya jingina shi a jikin rumbun. A gefe ga buhun toka da ya tara, ga tulun ruwa da sabulu.

"A kira mini bawan nan," in ji shi.

Mamman ya iso yana haki. Jika ya nuna masa wani dutse can nesa. "Tsaya can. Kada ka matso, warin taba kake."

"Ni da na bar ta?"

"Ita ba ta bar ka ba. Wanke hannu, har gwiwar hannu. Duk wanda zai taɓa waken nan ya wanke."

Aka yi dariya kaɗan, irin ta mutanen da ba su san inda za su sa idonsu ba. Wasu suka fara zamewa don su ba shi wuri. Ya ɗaga hannu.

"Kada kowa ya tafi. Shaidu nake so."

Ya wanke nasa hannun, ya yi bisimilla, ya hau. Samari biyu suka taimaka aka sauke jinkar. Ya sa 'yar fartanya ya ƙwanƙwashe lakar bakin, ta faɗo gutsure-gutsure. Ya ɗaga murfin. Ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya juyo, yana riƙe da tsanin da hannu ɗaya.

"Babu komai a ciki," in ji shi, da muryar da ta kai har bakin hanya. "Ko zangarniya. Liman, hau ka gani. Mai unguwa, kai ma. Don ran da aka zo ɗiba, kowa ya san duk abin da ya fito na yaran makaranta ne, babu ƙwayar Jika a ciki."

Ya sauko a hankali. Liman ya hau ya leƙa, ya sauko ya ce, "Mun gani, mun shaida. Allah ya saka da alheri." Mai unguwa ma haka. Babu wanda ya yi kamar ya yi mamaki, babu kuma wanda ya yi kamar dama ya sani. Wata tsohuwa ta ce lakar ta yi kyau, ko tsaga babu, aka kama wannan aka yi ta yabon ginin.

Mamman, hannunsa na ɗigar ruwa, ya ce, "To tsoho, tunda ka fara hankali, sauran fadamar fa? Akwai ragowar iri."

"Rumbu na ba da, ban ba da gona ba. Je ka ɗauko wake."

Aka watse da gudu zuwa masussuka, mata da ƙorai, maza da buhuna. Jika ya tsaya yana bayanin yadda za a yi: toka a ƙasa, wake, toka, har a kai baki, sannan a liƙe. Amma kafin nan sai an share ciki, don yana da ƙura da yanar gizo. Wani saurayi ya tuɓe riga zai hau. Jika ya tare shi da hannu.

Baiwa tana tsaye a bakin danga, tsintsiya a hannunta, ta kawo don ta miƙa wa wanda zai shiga. Mayafinta ya rufe rabin fuskarta.

"Baiwa."

"Na'am, Baba."

"Zo ki hau."

Ta dubi tsanin, ta dubi matan da ke bayanta. "Baba, ni?"

"Ke za ki riƙa ɗiba kina dafawa. In ba ki san zurfinsa ba, yaya za ki san abin da ya rage wa yara? Ɗaure zanenki da kyau. Akwai matakala a ciki ta hannun dama, kakanki ya yi ta, ki lalubo da ƙafa."

Ta ɗaure zanen, ta soke tsintsiyar a ƙugu. Ta wanke hannu duk da ba ta taɓa ganye ba. Da ta sa ƙafa a matakin farko tsanin ya ɗan motsa, Mamman ya yunƙura zai kama. Jika ya ture shi da kafaɗa, ya dafa ƙafarsa a gindin tsanin, ya riƙe shi da hannu biyu har ta kai sama.